Bangon da Ke Cin Bashin Rana

A Ladak, inda ruwa ke kwana a kasko ya tashi dutse,
mahaifina Skalzang ya kafa turke, ya ja igiya.
Bai dubi hanya ba, bai dubi gidan kowa ba,
kudu ya duba, inda rana ke yin yini.

Ni da ƙanwata Yangdol muka buga tubali,
laka har gwiwa, yatsu sun tsage.
Bango biyu muka tayar, ɗaya a cikin ɗaya,
muka danƙara karan sha'ir da dusar katako a tsakani
kamar mai cusa auduga a matashi.

Na kudun Baba ya shafe shi da baƙi ƙirin.
Namgyal maƙwabci ya tsaya da jakinsa:
"Gida kake ginawa ko gindin tukunya?"
Baba bai tanka ba.
Ya jera gilashi a gaban baƙin, tazarar tafin hannu,
gilashin da ya lashe mana awaki bakwai.

Kaka ce ta ƙi.
Shekara saba'in tana hura busasshen kashin shanu,
tari ya zame mata gaisuwar safe,
amma ta ce ɗakin da ba hayaƙi ba ɗaki ba ne.
Ta zo da ƙullinta. Kwana ɗaya tak, in ji ta.

Ƙanƙara ta toshe hanyar dutse a makon nan.
Da rana bango ya sha, ya sha, bai ce uffan ba,
da dare ya soma biyan bashi,
ɗumi na fitowa a hankali kamar numfashin saniya.
Iska ta gano kafa a ƙarƙashin ƙofa, tana fito,
Inna ta tashi cikin duhu ta toshe ta da gashin akuya.
Ba mu ƙara ko tsinke a murhu ba.

Da asuba Kaka ta tsoma yatsa a kasko.
Ruwa ne, ruwa sosai, har yana rawa.
Ta daɗe tana kallon yatsan.
Sai ta ja shimfiɗarta zuwa jikin bango,
ta kori kyanwar da ta riga ta wurin.

Ƙullin nan har yau ba ta kwance shi ba,
kwana ɗayan ma bai ƙare ba.
Jiya na hangi Namgyal a bayan gida,
yana auna gilashinmu da igiyar jakinsa.