Hancin Kuza

A ɗakin gwaji, hawa na uku,
inda ake tuɓe takalmi a rufe gashi,
na shimfiɗa tsatsar kuza a bayan ɗan gilashi.
Don siranta ido ba ya kama ta,
sai na karkata ta wajen fitila
take yin launin wuyan tattabara.

Ba ta aiki cikin sanyi. Nan halinmu ya zo ɗaya.
Sai an ɗora ta kan zaren wuta,
ta haura digiri ɗari uku,
sannan oksijin ya sauko ya zaune ta,
ya riƙe ƙwayoyin lantarkinta jingina.
Hanya ta tsuke. Allura ta kwanta.

Can gefen gari, Ulanbata ta hau tudu da tantunan gashin tumaki,
kowanne da murhu a tsakiya, bututu ya huda rufi.
A irinsu kawuna Sodnom ya kwanta
daren da sanyi ya kai arba'in ƙasa da sifiri.
Ya toshe bututun da tsumma don ɗumi ya kwana.
Ɗumin ya kwana.
Da safe shayin madara na kan murhu,
kare na bakin ƙofa yana jira.

Iskar da ta tafi da shi ba wari, ba launi,
ba ta ko ɗaga labule.
Amma in ta shafi fatar kuzan nan
sai ta sunkuce oksijin ta yi gaba,
jingina ta koma hannun mai ita,
lantarki ya kwararo kamar kogin Tul in ƙanƙara ta saki,
ƙararrawa ta tsala ihu.

Ban ce ta gama wayo ba.
Na rataya ɗaya a tantin Kaka Dulma,
tururin tukunya ya ruɗa ta,
barasar da maƙwabci ya zubar ta sa ta kuka da rana tsaka.
Kaka ta ce, jaririyar nan taki ta cika rigima,
ta kifa mata hula.

Na cire hular. Na koma hawa na uku,
na barbaɗa mata faladiyom kamar gishiri,
ko ta koyi raba miya da mutuwa.
Gwaji na sittin da bakwai ke nan.
Dusar ƙanƙara ta fara tun jiya,
ni kuwa ina bakin taga ina ƙirga bututu.
Na Kaka yana hayaƙi.