Abin da Ke Cikin Bango

Shekara shida ina riƙe wa Oga Badamasi tsani,
shi yana sama, ni ina ƙasa, wuya a sanƙare.
Ranar da ya yaye ni bai ja zance ba,
ya zaro testa daga bayan kunne, ya miƙo mini:
"Waya ba ta da sabo, Sagiru.
Ko kun shekara ashirin tare, gaishe ta kafin ka taɓa."

Inna ta kwashi adashinta, ta haɗa da kuɗin tunkiya,
na kama shago a Ƙofar Marusa, tsakanin mai faci da mai shayi,
faɗinsa bai fi tabarma biyu ba.
Fulaya ɗaya, sukundireba uku, salatif, rabin naɗin waya.
Mai fenti ya rubuta mini allo: MAI GYARAN WUTA.
Daren farko aka ɗauke wuta,
na zauna ƙarƙashin sunana cikin duhu.
Mai shayi ya leƙo: "Injiniya, ara mini ashana."

Kwana goma sha ɗaya ko sallama babu.
Sai Gwaggo Tabawa mai ƙanƙara, firjinta na jan yara,
na duba, ashe ɓera ne ya yi kalaci da waya.
Ta biya ni da ɗari biyar da zoɓo mai sanyi,
ta ƙara biya na da bakinta:
kafin Juma'a duk Rafin Daɗi an san lambata.

Nan na koyi abin da Oga bai koyar ba,
yadda ake bin bashi ba a ɓata gaisuwa,
yadda "gobe da safe" kan kai har kaka,
yadda kuɗin waya kan tashi tsakanin azahar da la'asar.

Sai babban aiki ya zo, gidan Alhaji Rabe,
ɗaki tara, can bayan Filin Samji.
Na yanka farashi Litinin, Laraba kasuwa ta ci ribar.
Mai kaya ya sassauta murya:
"Ga wata, riga iri ɗaya, cikin ne dai siriri.
Wa zai gani? Siminti ba ya tsegumi."
Na saya. Na binne.
Aka yi filasta, aka shafa fenti ruwan madara,
ni kuwa na sayi babur.

Ranar da na je karɓar cikon kuɗina
'yar autarsa tana zagaya ɗakunan da gudu.
Ta dafa bangon gabas da tafin hannu:
"Nan za a sa gadona."

Daga nan barci ya yi ƙaura.
In fanka ta juya sai in ji ƙauri,
in tashi, in shinshina bangon ɗakina kamar kare.

Asabar na koma da guduma da kurfi.
"Mi kake nuhi? Ka haukace?"
Na faɗa masa. Bai gode ba.
Ya wanke ni tas a gaban lebura,
na tsaya na sha, don nawa ne.
Babur ya tafi, ya zama jan ƙarfe mai kauri,
ya shige bango, aka sake rufewa.
Alhaji bai ƙara kira na ba.

Shekara huɗu ke nan, gidan yana tsaye.
Ba abin da ya faru.
Iyakar yabon sana'armu ke nan,
a kwana, a tashi, ba abin da ya faru.

Yanzu ina haɗa sola, shagon ya ci na mai faci,
akwai yaro, Nafi'u, mai tambaya kamar ruwan Agusta.
Jiya ina sama ya ɗaga kai:
"Oga, me ya sa muke sa mai tsada,
alhali ba mai gani?"
Na ciji salatif, na yanke,
na ce, "Riƙe tsanin da kyau."