Makullai Goma Sha Bakwai

Makullai goma sha bakwai ke cikin aljihuna,
babu ɗaya da ke buɗe ɗakin da nake kwana.
Ni ne Tankari, dillalin gidaje a Yamai.
Babur ɗina ya san Yantala, ya san Kwara Kano,
ya san lungun da ruwan damina ke mayarwa tafki.

Baƙo in ya zo ba ya doguwar gaisuwa.
Famfo yake fara murɗawa,
ya tsaya yana sauraren maƙogwaron ƙarfe
yana tari kafin ya tofo ruwa.
Sannan ya ce: wuta fa, sau nawa ake ɗaukewa?
In ce masa: a tsakiyar bazara
har masu kwat da wando fifita suke yi.

Wani injiniya daga Turkiyya ya auna katanga da ido,
ya ƙirga taku daga ƙofa zuwa kwalta.
Yana son gareji, da ɗakin mai gadi,
da waya mai ƙaya a bisa bango.
Mangwaron tsakar gida, wanda ya girme ni,
cewa ya yi ganyensa zai toshe magudana.

Madam Afiwa, malamar lissafi daga Lome,
madafa ta nufa, ta buɗe taga, ta shinshina.
Maƙwabta za su yi ƙorafi in na soya busasshen kifi?
Na ce maƙwabciyarki daddawa take dakawa,
kun yi canjaras.
Ta yi dariya, ta biya wata uku,
amma sai da aka rubuta a takarda, aka sa hannu,
cewa kuɗin ajiya zai dawo ranar tafiya.
Baƙo yana shiga ne da ido ɗaya a ƙofar fita.

Likitan nan na Cadi kuwa
ya ɗaga wayarsa sama yana bin ɗaki ɗaki
kamar mai neman kaza da dare.
Inda rezo ya cika, nan ya ce gado zai zauna,
ko da rana na dukan bangon,
don muryar ƴarsa kada ta riƙa yankewa.

Alhaji Nomau mai gidajen ya ɗauka tayil suke so.
Da ya ji harshe ya karkace
sai kuɗin haya ya miƙe tsaye.
Ina jinsa, ina haɗiye magana da goro.

Don ni ma na yi baƙunta.
Shekara tara a Abijan, mu shida ƴan Tawa a ɗaki guda,
tabarma tana taɓa tabarma, tari yana amsa tari.
Mai gida kan buga ƙofa ran ɗaya ga wata
tun liman bai yi alwala ba.
Ban nemi tayil ba.
Na nemi sakata da ke kulluwa daga ciki,
da ƙusa ɗaya a bango ta rataye rigar Juma'a,
da wanda zai kira ni Tankari
maimakon kai, ɗan Nijar.
Wata tsohuwa ce ta fara, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni,
ta turo kwano da ƙafa, ta ce: ci, Tankari.
Ran nan ɗakin ya ƙara faɗi.

Shi ya sa in sun gama da famfo da mita
nakan ja su zuwa bakin kwana, teburin Hamidin mai shayi,
in ce: ga sabon maƙwabcinku, riƙe sunansa.
Wannan ba ya cikin takarda,
ba na karɓar la'ada a kansa.

Magariba ta yi, na tsaya bakin gada ina ƙirga.
Goma sha shida.
Can Yantala wata taga ta kama haske,
kifi yana soyuwa,
kuma har yanzu ba wanda ya buga waya.