Shuɗiyar Waya

A Aberdeen gidajenmu na dutse ne,
dutse ruwan toka, kalar teku ranar da ta tashi da fushi.
Ruwan sama ba ya ratsa shi.
Sigina ma haka.

Rauta tana ƙasa, bayan tukunyar fure,
tana ƙyafta koren ido kamar mage.
Babana Murdo yana sama.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a jirgin kamun kifi,
yau matakala sha huɗu sun fi ƙarfin gwiwarsa.
Ya ce, "Ishbel, ƙwallo dai ta same ni a gado,
ban roƙi kowa komai ba bayan wannan."

Ran Asabar na aro injin huda bango wurin Lachlan.
Baki biyu na karya
kafin dutsen ya ga dama ya ba ni hanya,
ɗan rami, ko ƙaramin yatsa ba ya shiga.
Garin dutse a gashina, garin dutse a shayi.
Na ja shuɗiyar waya, mita ashirin da biyar,
ta ƙarƙashin kafet, ta bayan kabad,
ta gefen hoton aurensu,
ta hau bene tana manne da katako
ina bin ta da ƙusa, da guduma, da gwiwa biyu.

Daga sama yana ba da umarni
kamar har yanzu yana kan ruwa:
"Ja kaɗan! Saki! Kin ɗaure ta da kyau?"
Ya ce lambar sirri ta zama sunan jirginsa.
Na ce ai duk unguwa ta san shi.
Ya ce duk waɗanda suka san shi suna maƙabarta.

Akwatin naɗi na ajiye a ƙarƙashin bene,
tsakanin tsintsiya da takalman ruwa.
Daga nan zai riƙa rabo:
ɗakin Baba, kicin, falo, har wayar hannuna.
Na kunna. Ya yi gurnani, ya yi tunani,
sai ya rubuto: babu sauran wuri.

Na buɗe jerin in ga me ya cinye faifan.
Juma'a, takwas da rabi, shirin lambu.
Juma'a, takwas da rabi.
Juma'a.
Sittin da ɗaya, ba wanda aka taɓa kallo.
Mama ce ta sa shi.
Ita ta ce masa duk mako ya ajiye mata,
mu kuma da muka dawo daga binne ta
mun sanar da banki, mun sanar da likita, da coci,
ba wanda ya tuna ya gaya wa akwati.

Allo ya tambaye ni: a goge duka?
Yatsana a kan madanni, sanyi ƙalau.

Na hau sama na faɗa masa.
Ya daɗe yana duban ramin da na huda.
Ya ce, "Nawa ne sabon faifai?"
Na faɗa. Ya ce, "Tsada."
Ya ce, "Ɗauko walat ɗina a aljihun kwat."

Ranar ba a naɗi ƙwallo ba.
An ce ma an ci mu biyu da nema.

Can da dare ina wanke kofuna,
na ji murya tana saukowa ta matakala,
wani mutum yana bayanin lokacin shuka dankali
da yadda ake kare shi daga jaura.
Na goge hannu, na kunna na kicin,
na nemo shirin, na farko a jerin.

Ba mu daidaita ba.
Nawa yana gaba da daƙiƙa biyu ko uku,
duk abin da mutumin ya faɗa a gabana
sai in ji ya sake faɗa a sama,
a hankali, ga tsoho,
kamar yadda ita take yi.