Rana ta Uku

Ƙarfe tara na dare, asibitin Tawa.
An ɗauke wuta, janareto na tari a bayan ɗaki.
Ni da gilashi goma sha bakwai,
kowanne da ɗigon jini busasshe.

Na tsoma su a shuɗi kamar ɗan marina,
na sunkuya kan madubi.
Na sha ɗaya na Nomau ne,
ɗan shekara shida, daga Geben Zogi.
Ran Litinin na gan su a jininsa,
ƙananan zobba, kowanne da ɗigon ja,
sun cika fili kamar awaki ran kasuwa.
Yau Alhamis, kwana uku da fara magani,
ya kamata fili ya yi fayau.
Na ƙirga. Na goge ido, na sake ƙirgawa.
Bakwai. Ko gezau.

Kakata Tsahara ba ta san madubi ba.
In malka ta sauka, tafkin Babaye ya batse,
sauro ya kira gayya,
sai ta ɗora tukunya,
ɓawon maɗaci, ganyen bedi,
ta toshe mini hanci, ta ɗura.
Ɗaci ke korar baƙon jini, in ji ta.
Na girma na tarar likitoci ma a daji suka ɗebo:
kinin daga ɓawon wani icce na bayan teku,
wannan na yanzu kuwa, mai ruwan ɗorawa,
daga ganye ne, ɗan'uwan tazargade,
da aka tatsa a ƙasar Sin.

Nibakin ma ya yi zamaninsa.
Har ƙwayar ta gane takunsa,
ta riƙa shan sa kamar kunu.
Yanzu labari na zuwa daga gabas,
daga bakin koguna da ban taɓa gani ba,
wai ta fara jinkirin mutuwa.
Na dubi zobban nan bakwai, na ce:
ku ne kuka iso?
Wace mota kuka hau?

Ban yi barci ba.

Da safe Barira ta zo da shi a goye,
ƙafafunsa na reto har gwiwarta.
Na ce: ya shanye duka?
Ta yi shiru. Ta kwance bakin zane,
ga takardar magani, babu ko ɗaya.
Ƙwaya goma sha biyu ce.
Daren Talata jikin ƙanwarsa Zali ya ɗau zafi,
ba kuɗin kabu-kabu, ruwa ya cinye hanya.
Shida nasa, shida nata.
Wace uwa, in ji ta, za ta ba ɗaya ta bar ɗaya?

Na ji sanyi, Allah ya sani,
sanyin bai kai ƙirji ba ya koma.
Rabin magani ai makaranta ce:
wadda ta sha ba ta mutu ba
ta ɗauki darasi, za ta koya wa jikoki.
Amma ta yaya zan faɗa wa Barira haka
da yaro a bayanta?

A gida inna na shan jikan kinin kowace safiya
don gaɓɓan hannunta su yarda ta riƙe ludayi.
Wani tsoho, an ce, ƙanin kinin
ya taɓa daidaita masa bugun zuciya.
Icce ɗaya, inuwa har inda bai sani ba.
Ita wannan inuwar nake tsoron ta janye.

Likita ya rubuta sabon magani, cikakke,
na Nomau daban, na Zali daban.
Na ɗiga jininsa a kan takarda,
na bar shi ya bushe, na sa a ambulan
zuwa Yamai, su duba abin da idona bai kai ba.
A rajista, gaban sunansa, na rubuta: akwai.
Gilashi na sha biyu na jira.