Kwatance

Ƙarfe tara na dare a Titin Beirut,
an ja ƙofofin shaguna, saura tawa.
Janareton Ɗanliti mai caji ya yi shiru,
ni da kwamfutar Barira za mu kwana.

Da la'asar ta kawo ta, naɗe cikin ɗankwali.
Ta ce, "Ba injin ne ya dame ni ba.
Muryar babana ce a ciki,
ranar da ya raba mana filin Gaida,
ya faɗa da bakinsa, ƙanena ya naɗa.
Ko arba'in ba a yi ba, an fara musu."

Na danna. Tambari ya fito, ya tsaya cak.
Babbar manhaja ta ƙi tashi,
kamar maigidan da aka yi wa sallama uku
kana jin tarinsa daga zaure.

To, akwai wani ɗan lokaci da mutane ba su sani ba,
tsakanin danna maɓalli da fitowar hoto,
irin tsakanin assalatu da buɗe kasuwa:
gari na nan, gidaje na nan,
amma babu wanda za ka tambaya.
A nan nake aiki.
Baƙin allo, farin rubutu,
ba linzami, ba hoton jakar da za a taɓa.
Injin bai ma san sunan faifansa ba,
na sifili, na ɗaya, haka yake ƙirga su.
Sai da na ɗora masa tafinta daga filas
kafin ya ji yaren da aka rubuta na ɗayan.

Ɗan shirin da na rubuta abu guda ya iya:
ya kama tushe, ya bi kwatance.

Haka kakata Dije take aikena ina yaro:
"Ka shiga ta Ƙofar Mata,
ka bar masallaci a hagunka,
lungu na uku, ba na biyu mai kwata ba,
gidan da durumi ya leƙo ta katanga."
Ka tsallake lungu ɗaya,
sai ka tsinci kanka a bayan gidan wasu
da ƙwaryar fura a hannu.

Shi ma haka. Bai san "wajen nan" ba.
Sandar da ke raba suna da suna
hagu take jingina; na jingina ta dama,
ya ce: ba a samu ba.
Kowane harafi kujera biyu yake zama,
a ƙarshe ka aje sifili, ka ce nan ne iyaka,
in ba haka ba ya yi ta tafiya har ya faɗa rami.

Na gyara. Tushe, sanda, masu amfani, sanda, Barira.
Ba a samu ba.
Na sa sunan ƙanen, Sagiru.
Ba a samu ba.
Shayina ya huce, sauro ya samu idon sawu.

Goma da kwata na kira ta, ina ba da haƙuri.
Ta yi shiru har na zaci katin ne ya ƙare.
Sannan ta ce, "Shi ya sayo min ita.
Da mai shago ya tambayi suna...
gwada Uwata.
Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kama shi ba."

Harafi biyar.
Ƙofa ta buɗe, ta ciki ma ta buɗe,
ga shi can a ƙurya, kwanan wata da lamba.

A nan ƙasa babu lasifika.
Tsohon bai ce min komai ba,
nauyinsa kawai na gani,
ya tsallaka zuwa filas kaɗan-kaɗan
kamar mai auna mataki a kan kwalbati.

Na rufe abin da na buɗe,
na ƙarshe da farko, har zuwa tushe,
don gidan mutane na shiga.
Ban saurara ba.
Ba ni aka yi wa maganar ba.