Gona ta Takwas

Kakata Saturnina gonakinta bakwai ne,
babu wadda ta kai filin ƙwallon yara faɗi.
Ɗaya a bakin tafkin Titikaka,
biyu a ƙirjin dutse,
sauran can sama, inda numfashi ke tsada.

Na taɓa ce mata ta haɗe su wuri guda
ta huta da hawa da sauka.
Ta ce, "Nelida, ƙanƙara tana da zafin hannu,
amma hannun gajere ne.
In ta mari wannan, waccan ta sha."

Dankalinta ma ba uwa ɗaya ba.
Akwai baƙi mai ɗaci da sanyi ke jin nauyinsa,
akwai ja mai saurin nuna,
akwai wani mai idanu barkatai, mai wuyar fira,
kullum tana zaginsa,
kullum tana shuka shi.
A dararen Yuni takan baza wani a fili ya daskare,
ta tattake shi da ƙafa, rana ta busar,
ta ɗura a buhu ta ɗaure baki.
Shi wannan ba ya gaggawa,
yakan yi shekaru yana jiran yunwa.

Ranar da na dawo daga birni
da takardar inshora a jakata,
ta juya ta gaba da baya kamar mai duba ƙwai.
"Wato in biya kuɗi
don abin da bai faru ba?"
Na nuna mata buhun da ke lungu.
Na ce, "Shi fa?"
Ta daɗe ba ta tanka ba.
Washegari ta sayar da ulun da ta kaɗa wata biyu,
ta dangwala yatsa.

Maƙwabcinmu Wenceslao ya yi dariya har da tari.
Gonarsa ɗaya ce, shimfiɗeɗiya, iri ɗaya,
da bashin banki aka yi ta,
kuma wani ɗan kasuwa daga Arequipa
ya riga ya yanke mata farashi tun tana fure.
Ya ce shi ya gama kasuwarsa,
saura haƙa.

Fabrairu, bayan azahar,
sama ta yi launin hanta.
Maza suka fito suna harba wuta cikin gajimare
ko hadarin zai canza shawara.
Bai canza ba.
Minti goma sha biyar aka yi,
ganye ya koma kamar an tauna an tofar.

Uku daga cikin bakwai suka tafi.

Mai duba ɓarna ya zo a babur bayan kwana sha tara,
ya auna, ya ƙirga, ya ɗauki hoto,
bai karɓi ko ruwa ba.
Kuɗin suka shigo waya a watan Mayu,
ba su kai abin da na cika baki da shi ba.
Iri suka saya, da takalman ƙanena,
shi ke nan.
Na kasa haɗa ido da ita.

Wenceslao kuwa, ɗan kasuwa na neman buhunansa,
banki na neman nasa,
shi yana zaune a bakin kunya, hula a gwiwa.
Kaka ta kwance buhun lungu, ta raba biyu,
ta ce in kai masa,
in kuma gaya masa ranar Asabar akwai gayya a gonarsa,
kada ya tsaya godiya.

Da dare na ga ta ɗauko takardar nan,
ta goge mata toka da gefen zane,
ta ninke ta huɗu,
ta cusa cikin abin da ya rage na busasshen dankali.
Ba ta san ina kallo ba, ko ta sani.
Ta ce, "Ita ma gona ce.
Ƙarama, marowaciya, ga jinkirin nuna.
Amma ba ta kan dutse, ba ta bakin ruwa,
ƙanƙara ba ta san hanyarta ba.
Baɗi ma a shuka ta."